Alhaji Umaru Krachi: Malamin Fatake Da Ya Ga Faɗuwar Kasuwar Salaga

Jama'a masu karatu, musamman 'yan uwanmu 'yan kasuwa da ke bin hanyar Bimbilla zuwa Yendi, da masu sauke kaya a Salaga da Bawku, a wannan makon filin namu na tarihin magabata zai waiwayi rayuwar wani bawan Allah da ya rasu tun shekarar 1934, wato Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda wasu ke kira Alhaji Umaru Salaga, wasu kuma Alhaji Umaru Krachi, yayin da Turawa suka rubuta sunansa Imam Imoru.

Abin da ya sa muka ɗauko shi, wata gardama ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a rumfunan kasuwa da tashoshin mota, har ma da masu bugo mana waya a gidan rediyo. Dattawa na cewa da a ce malamai ne ke riƙe da gwamnati da tsadar kaya ba ta kai haka ba. Samari kuma na cewa a miƙa wa kwamfuta lissafin ƙasa baki ɗaya, tunda ita ba ta karɓar na goro, ba ta kuma da ɗan uwa. Alhaji Umaru bai ga kwamfuta ba, amma ya zauna a ƙarƙashin mulki iri huɗu, na Daular Sakkwato da na sarakunan Gwanja da na Jamus da na Ingila, ya ga yadda kowannensu ya yi da kasuwa, ya kuma bar mana abin da ya gani a rubuce.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Umaru a birnin Kano wajajen shekarar 1858, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Mahaifinsa Malam Abubakar Bakabe ne, malami kuma falke mai fataucin goro. Wannan ne ya sa a littattafai ake jingina sunan Umaru ga wurare uku, Kabi da Kano da Salaga. Ya fara karatun allo a Kano, daga bisani ya ci gaba da neman ilimi a ƙasashen Kabi da Gobir da Sakkwato, har ya ƙware a Larabci da fiƙihu da waƙa.

Ƙasar da ya tashi a cikinta ƙasa ce da aka kafa mulkinta da sunan addini tun jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804. Akwai alƙalai, akwai muhtasibi mai sa ido kan mudu da ma'auni da algus a kasuwa. Shehu da kansa, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya soki sarakunan Haɓe kan harajin zalunci da ƙwace kayan 'yan kasuwa. To amma Umaru jinin Kabawa ne, su kuwa Kabawan Argungu sun shafe shekaru masu yawa suna gwabzawa da Sakkwato da Gwandu, alhali duk ɓangarorin biyu alƙibla ɗaya suke kallo. Don haka tun yana yaro ya san cewa sanya sunan addini a kan tuta bai isa ya hana jini zuba ba.

Hanyar Gwanja

Tun yana saurayi Umaru yake bin mahaifinsa fataucin Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano da jakuna da takarkarai ɗauke da turkuɗi da rigunan saƙi da kanwa da kayan fata, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a sauka Zugu, wato Djougou ta Jamhuriyar Benin a yau, sannan a biyo ta Yendi a gangaro Salaga. Zuwa da komawa kan ci wata shida har zuwa shekara guda. Madugu ne shugaban tafiya, jagaba na gaba, uban dawaki na kula da tsari, kuma a kowace ƙasa sai an tsaya an yi ciniki da sarkinta kan kuɗin fito kafin a wuce. In an iso Salaga, falke ya sauka wurin mai gidansa, shi zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan za a ba da bashi.

Duk wannan harka a kan amana take tafiya, amana kuwa tsakanin Kano da Salaga sai da takarda. A nan ne basirar Umaru ta fara bayyana. A shekarar 1877, yana ɗan kimanin shekara 20, ya rubuta wani littafi da Larabci mai suna As-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, wanda ke koyar da yadda ake tsara wasiƙu. Littafin ya yaɗu a hannun malamai da fatake, domin a wancan zamani wasiƙar malami ita ce wayar ɗan kasuwa.

Salaga da ya tarar kuwa gari ne da ya shahara da yawan rijiyoyi da yawan baƙi. Hausawa da Barebari da Wangarawa da Mosawa da Yarabawa duk suna da unguwanninsu. Sarauta tana Kpembe, ɗan nesa kaɗan da kasuwa, a hannun sarakunan Gwanja, waɗanda ke da limamansu a gefe suna yi musu addu'a da rubutu, amma ba su ke yanke hukuncin mulki ba. Wajibi ne kuma mu faɗi gaskiya komai ɗacinta: ban da goro da shanu da gishiri, ana sayar da 'yan Adam a kasuwar Salaga. Yawancinsu an kamo su ne daga ƙasashen Gurunsi a hare-haren Zabarmawa irin su Babatu, wanda kabarinsa ke Yendi. Musulmi na cikin masu saye da sayarwa, kuma wannan tabo ne da ba za mu ɓoye wa 'ya'yanmu ba.

Masu son riƙe kasuwa a tafin hannu

Kafin 1874 Asante ce ke juya Salaga. Goro daga dajinta yake fitowa, don haka ta tsara abin yadda zai yi mata daɗi: fataken arewa ba sa wucewa cikin kurmi su sayo da kansu, sai dai su jira a Salaga, kuma a farkon kaka 'yan kasuwar Sarkin Asante ne ke fara sayar da nasu kafin a buɗe wa sauran jama'a hanya. Tsarin ya yi aiki muddin akwai ƙarfin bindiga a bayansa. A watan Fabrairun 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi. Nan da nan Gwanja da Dagomba suka yi wa Asante tawaye, aka kashe Asantawan da ke Salaga. Asante ta mayar da martani da karkatar da goronta zuwa Kintampo. Daga nan kasuwar Salaga ta fara ramewa.

Wanda ya ci ribar wannan rikici shi ne bokan Dente na Krachi, wanda ake kira Dente Bosomfo. Wannan mutum ya haɗa tsafi da mulki da kasuwa a hannu ɗaya. Ya haɗa kan garuruwan da suka ɓalle daga Asante da rantsuwa a gaban Dente, ya tare hanyoyi, ya kuma mamaye cinikin gishirin Ada da ke hawowa ta Kogin Volta. Fataken da ke zangon Kete sun sha kuka da shi, har zuwa 1894 lokacin da Jamusawa suka kama shi suka harbe. Wanda ke ganin haɗa addini da mulki shi ne maganin komai, ya tuna cewa a wannan yanki namu an taɓa haɗa su, kuma ba lallai ne addininka ne zai hau kujerar ba.

Yaƙin basasar 1892

Umaru ya riga ya zauna a Salaga yana karantarwa lokacin da babbar musiba ta auku. A nan ne ma ya san Bajamushen nan Gottlob Adolf Krause, wanda mutane ke kira Malam Musa, ya kuma rubuta masa labarai da ajami. Sarautar Kpembe tana zagayawa ne tsakanin gidaje uku, Lepo da Singbung da Kanyase. A ƙarshen 1892 Kabachewura Isifa na gidan Kanyase, wanda ke ganin an daɗe ana danne wa gidansu haƙƙi, ya nemi taimakon mayaƙan Dagomba da Nanumba, ya afka wa Kpembewura Napo, ya ci shi da yaƙi. Mu mutanen Bimbilla da Yendi wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin kakannin ƙasar nan na cikin rundunar.

Sarauta ta sauya hannu, amma 'yan kasuwa ne suka biya kuɗin. Aka wawashe gari, baƙi suka watse, wasu suka nufi Kete-Krachi, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu har Kumasi da bakin teku. Zangogi da dama da muke gani a kudancin Ghana a yau sun samu ƙaruwa ne daga wannan watsewa. Salaga ba ta sake komawa yadda take ba har gobe. Umaru ya rubuta waƙoƙin Larabci kan wannan bala'i, ciki har da Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan, kuma J. A. Braimah da Jack Goody sun sanya fassarar biyu daga cikinsu a littafinsu kan rikicin Salaga da ya fito a 1967.

Limamin Kete a ƙarƙashin Jamus

Shi ma Umaru daga bisani ya bi sawun jama'a ya koma Kete-Krachi, inda ya zama limami kuma babban malamin zango. Yana can Turawa suka gama rabon ƙasa. A ƙarshen 1896 rundunar Jamus ta biyo ta nan Bimbilla ta ƙone garin, sannan a ranar 4 ga Disamba ta karya mayaƙan Ya Na Andani a Adibo. A watan Nuwamban 1899 Ingila da Jamus suka ja layi a takarda: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi da Bimbilla suka faɗa hannun Jamus. Hanyar da fatake suka shekara ɗaruruwa suna bi ta wayi gari da kan iyaka a tsakiyarta, kowane Bature na ƙoƙarin janyo ayari zuwa ɓangarensa don ya karɓi haraji.

Umaru bai yi shiru ba. Tsakanin 1899 da 1903 ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa kan zuwan Nasara, inda ya jera garuruwa da sarakunan da aka ci ɗaya bayan ɗaya, ya kuma nuna yadda baƙin suka fara shigowa da lallami da maganar ciniki kafin su fito da bindiga. Duk da haka ya zauna da jami'in Jamus na Kete-Krachi, Adam Mischlich, ya koya masa Hausa, ya rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa da bayanin noma da rini da saƙa da ƙira da fatauci da haraji da aure. Mischlich ya fitar da ƙamus ɗin Hausa a 1906. Akwai masu ganin wannan zama da Bature rauni ne a tarihin malamin. Mu dai abin da muka lura da shi shi ne, bai ɗauki makami ba, bai kuma sayar da alƙalaminsa ba. Ya tsaya inda zai iya kare jama'ar zango, kuma albarkacin wannan zama ne bayanin rayuwar Hausawa ta ƙarni na 19 ya tsira daga bakin wanda ya gani da idonsa. A 1973 wani ɗalibi Ba'amurke, Douglas Ferguson, ya yi digirinsa na uku a kan fassarar waɗannan rubuce-rubuce.

Har ila yau bai kyale masu cin abinci da addini ba. Wajajen 1904 zuwa 1905 masu wa'azin Mahadiyanci suka ratso arewacin ƙasar nan, cikinsu da wani mai suna Musa da ya tara jama'a masu yawa. Umaru ya yi masa raddi a waƙe, ya gargaɗi mutane kada su ruɗu da shi. Haka nan a Waƙar Talauci da Wadata ya zayyana yadda ake wulaƙanta matalauci ko da yana da gaskiya, ake kuma girmama mai dukiya ko da ba shi da ita, abin da duk wanda ya taɓa karyewa a kasuwa zai ba da shaida a kai.

Aikin hajji da ƙarshen rayuwa

A 1913 ya tafi aikin hajji, ya kuma shafe shekaru kafin ya dawo. Ko da ya komo ya tarar Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kori Jamusawa daga Togo tun 1914, Kete-Krachi ta koma hannun Ingila. Ya ga annobar mura ta 1918 da 1919 da ta hallaka jama'a da yawa, ya kuma rubuta waƙa a kanta da ake kira Tunkuyau. Ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙais, mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa, aikin da Baturen Ingila R. S. Rattray ya yi sharhi a kansa a 1934. Almajiransa sun bazu a zangogin Gold Coast da Togo suna limanci da karantarwa.

Allah Ya yi masa rasuwa a Kete-Krachi a watan Yunin 1934, yana da shekara kusan 76. Bayan shekara 30 aka datse Kogin Volta a Akosombo, ruwa ya cinye tsohon garin Kete-Krachi, aka mayar da mutane sabon matsuguni. A cikin shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gidajen malamai ta tattara kwafin rubuce-rubucensa, wasu kuma suna ajiye a Jamus.

Abin da tarihin nan ke nuna mana

Mu koma kan gardamarmu ta farko. Tunanin a zauna a ofis guda a juya kasuwar ƙasa ya girmi kwamfuta. Asante ta gwada, bokan Dente ya gwada, Jamus ta gwada. A ƙasar nan ma, a 1979, gwamnatin soja ta matsa kan ƙayyadadden farashi, aka yi wa 'yan kasuwa bulala, aka rushe kasuwar Makola a watan Agusta, amma kaya suka ɓace daga rumfuna suka koma bayan fage. Da kwamfutar ma an taɓa gwadawa. A ƙasar Chile, daga 1971, gwamnatin Salvador Allende ta ɗauko wani masani ɗan Ingila, Stafford Beer, ya haɗa masana'antun gwamnati da na'urorin aika saƙo zuwa kwamfuta a babban birni. Tsarin ya taimaka wajen rarraba kaya lokacin yajin aikin masu manyan motoci na Oktoban 1972, amma juyin mulkin 11 ga Satumban 1973 ya kashe shi kafin ya nuna iyakar ƙarfinsa. Rikicin mulki ne ya cinye shi, kamar yadda ya cinye Salaga.

Ba mu ce na'ura ba ta da amfani ba. Kuɗin waya ya raba mu da ɗaure kuɗi a ƙugu a hanyar Bawku, kuma tun 2020 hukumar kwastan ta Ghana ta koma kan tsarin kwamfuta na ICUMS. Sai dai na'ura abin da aka ba ta take lissafawa. Da aka sanya harajin E-Levy na kashi 1.5 cikin 100 a watan Mayun 2022, mutane da yawa suka rage tura kuɗi ta waya suka koma hannu da hannu, abin da aka tara bai kai abin da aka yi hasashe ba, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a Afrilun 2025. Mai doya a Bimbilla ya san ruwan bana ya yi gardama, mai albasa ya san an rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 2023, dillalin shanu ya san wanda ke biyan bashi da wanda ba ya biya. Wannan sani a warwatse yake a kawunan dubban mutane, kuma yakan sauya kafin a shigar da shi cikin na'ura. Sannan da a ce akwai kwamfuta a Salaga a 1880, da ta lissafa bayi tare da shanu ba tare da ta ce uffan ba. Sanin abin da ya halatta a sayar aikin zuciya ne da shari'a.

A ɓangaren addini kuwa, malamanmu sun karantar da mu hadisin Anas ɗan Malik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanke farashi, bai yi ba. Amma ya hana ɓoye abinci, ya hana algus, ya hana tare ayari a bayan gari kafin ya san farashin kasuwa. Daga baya wasu malaman fiƙihu sun yarda hukuma ta sa baki idan 'yan kasuwa suka haɗa kai don cutar da jama'a. A nan Alhaji Umaru ya tsaya: malami kusa da mai mulki yadda zai ji nasiharsa, amma da ɗan tazarar da za ta ba shi damar faɗa masa gaskiya, ko sarki ne ko Bature ko mai rawani irin nasa. A ƙasa irin Ghana, inda Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya ke cin kasuwa ɗaya, kuma tsarin mulkin 1992 ya hana kafa jam'iyya a kan addini ko ƙabila, muna ganin wannan matsayi nasa ya fi dacewa da mu.

Babban gargaɗin kuwa yana cikin yaƙin 1892. Salaga ta jure janyewar goro na shekara 18, amma rikicin sarauta ya gama da ita cikin 'yan kwanaki. Mu ma mun ɗanɗana. Yaƙin 1994 ya faro ne daga sa-in-sa kan cinikin zabo a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla, ya ci aƙalla rayuka 2,000. Yendi ta shiga ƙunci daga kisan Ya Na Yakubu Andani na Biyu a Maris ɗin 2002 har zuwa naɗin sabon Ya Na a Janairun 2019. Bimbilla ta sha dokar hana fita saboda rikicin sarauta, mutanen Bawku kuwa sun fi kowa sanin abin da rufe shago da tsakar rana ke jawowa. A duk waɗannan lokuta babu malami ko na'urar da ta iya saukar da farashi, domin motar kaya ba ta shiga garin da ake harbi.

Don haka muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan zango da limamanmu, duk lokacin da aka fara hura wutar gaba, su riga kowa zuwa fada da maganar sulhu, kada kuma ɗan kasuwa ya ba da sisinsa a sayi harsashi. Muna kuma roƙon iyalan da ke da tsofaffin takardun ajami a cikin adaka su fito da su a ɗauki hotonsu kafin gara ta riga mu, ta yiwu akwai rubutun malamin a ciki.

Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru ɗan Abubakar, Ya kai haske kabarinsa, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.